Ranar da Goggo ta bi layin kacala

Duk sanda na ji lasifika tana shelar babban taron jam'iyya, Goggo nake tunawa, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni. Kifin banda take sayarwa a rumfarta ta kasuwar Nguru. Da rumfar muke ci, da ita muke sha.

A shekarar, kacala, ciyawar nan mai tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa, kifi ya yi wuya. Masunta sun roƙi gwamnati injin yashe kogi har sun gaji. Amsar kullum ita ce kuɗi sun tafi sayen makamai da motocin soja, a yi haƙuri.

Goggo ce wakiliyar matan unguwarmu a jam'iyya mai mulki. Ana gobe taron zaɓen shugabanni a Gashuwa, shugaban mazaɓa ya zo har zaurenmu.

"Hajiya, an riga an gama magana daga sama. Layin mutuminmu za ki bi. Kin dai san rumfar nan ta ƙaramar hukuma ce."

Ta ce, "Na ji, Alhaji. Ka gaida gida."

Tare muka tafi da Goggo a bayan a-kori-kura, da damin kacala a cinyarta. A lokacin, bayan ɗan takara ake jeruwa a ƙirga mutane. Da aka ce a ja layi, sai Goggo ta kafa daminta a tsakiyar fili, ta gyara mayafi, ta tsaya a bayansa. Mai ƙirga ya tambaye ta wa take bi.

"Kacalar da take mulkinmu mana! Ita ta cinye ruwa, bindigarku kuma ba ta kashe ta."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ni kunya ta kama ni a ranar. Yau kuwa alfahari nake yi.

Sati bai zagayo ba aka garƙame rumfar. Aka ce ta je ta ba da haƙuri a buɗe mata. Ta ɗauki faranti ta koma bakin tasha, cikin rana, har ƙarfinta ya ƙare. Mun ga yunwa, ba zan ɓoye muku ba, amma ba ta je ba.

Yanzu ko layin ma ba a ja, a ɗakin otal ake gamawa a ce an yi maslaha. Bana aka aiko in zama wakiliyar mata, da alkawarin mayar mini da rumfar Goggo. Na ce su riƙe kayarsu, a tasha na girma.