Sauran Wata Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ke nan 'yan mishan na cocin Mormon suna haya a ɗakunan bayan gidana, nan yankinmu na Ilocos, kuma har yau ban taɓa ganin ɗayansu shi kaɗai ba. Biyu-biyu ake aiko su, kamar tif da taya. Dokarsu ce, inda ɗaya yake dole ɗayan yana ganinsa yana jinsa, sai fa in ya zaga bayan gida. Ni 'yar Katolika ce, haka aka haife ni haka za a binne ni, sun yi mini wa'azi har sun haƙura. Kowannensu sunansa Elda, wai dattijo, alhali wasu ko gemu bai tsiro musu ba. Sun fi arba'in waɗanda suka zo suka wuce, yawancinsu na manta fuskokinsu. Elda Cabahug ne ban manta ba.

Daga tsibirin Bohol ya zo, jikan masunci, shekararsa ashirin. Kakarsa, Lola Sising, ita ta raine shi tun yana rarrafe. Shekara biyu ya yi alkawarin yi, kuma lokacin da nake ba ku labari sauransa wata bakwai.

Ranakunsa duk iri ɗaya ne. Shida da rabi ya tashi, addu'a, karatu. Kafin goma sun fita cikin farar riga da taye, da ɗan baƙin allon suna a ƙirji. Su bi ta gonakin taba da tafarnuwa suna sallama gida-gida, karnuka su kore su, masu gida su ce a dawo gobe. Wata ta ba su ruwan sanyi don tausayi, wani ya ɓuya ya aiko a ce ba ya nan. Ga teku nan ƙarshen layinmu, amma an hana su shiga ruwa. Yaron da ya iya iyo kafin ya iya tafiya, sai dai ya tsaya bakin hanya da takalmi sau-ciki yana kallo, har abokin tafiyarsa ya taɓa agogo. Abokin nan Elda Rasmussen ne, wani dogon Bature daga Idaho, rana ta gasa shi ya yi jajir, littafin dokokinsu kullum yana aljihunsa.

Litinin ce ranar hutunsu: wanki, cefane, sai kiran gida ta wayar da ake ganin juna. Da yake layi ba ya kamawa a ɗakinsu, sai su sa farar rigar su hau keke mai ƙafa uku zuwa cikin gari. Labarin zuciya a tambayi fuska. Sati shida a jere ina ganin Elda Cabahug yana dawowa a sanyaye. Rannan na ritsa shi wajen famfo yana cuɗa wuyan riga.

"Ɗan nan, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Nana Sion."

"To me ya sa duk Litinin kake dawowa kamar wanda aka yanke wa aljihu a kasuwa?"

Ya kalli abokinsa da ke shanya taki uku daga wurin.

"Rabu da wannan gorar," na ce.

"Ina ji fa, Nana," in ji Baturen.

"Ai aikinka ke nan, ji."

Sai yaron ya faɗa mini. Mantuwa ta kama Lola. 'Yar kawunsa Maricel ce ke riƙe mata wayar, in Lola ta gan shi sai ta gyara zama ta ce, "Yallaɓai, maigidan ba ya nan, ya tafi kamun kifi." Maigidan da ya shekara tara a kabari. Ta ɗauka ma'aikacin hukuma ne.

"To ka tafi gida mana! An ɗaure ka ne?"

"Ita ta ɗaure ni, Nana. Ranar da zan taho, a bakin jirgin ruwa ta riƙe hannuna ta ce kada in kuskura in dawo mata sai na cika. Ita kaɗai za ta kwance ni, ga shi ta manta ta ɗaura."

Raina ya ɓaci, ban ma san da wa zan yi faɗan ba. Na ce ya nuna mini hotonsa na gida. Da na gani sai da na yi dariya. Wani baƙin yaro ne da suma har kafaɗa, yagaggiyar singileti, malfa a ka, kifi a hannu.

"Yo ni ma da na ce maka yallaɓai! Kai ne wannan? Kun aske kai ƙwal, kun shaƙe wuya da igiya, sannan kuna son tsohuwa ta gane ku?"

Litinin ta gaba na buɗe akwatin marigayi mijina na fito da malfarsa da wata tsohuwar singileti, na ba yaron ya sa. Na san layi yana kamawa a saman tankin ruwana, don can jikokina ke hawa in za su yi waya. Elda Rasmussen ya zaro littafinsa ya yi ta buɗe shafuka, ya ce bai ga inda aka hana malfa a cikin gida ranar hutu ba. Shi ya riƙe wayar. Amma kafin su hau ya roƙe ni auduga, ya toshe kunnuwansa biyu.

"Dokar fa?" na ce.

"Ina ganinsa ai, Nana. Rabi ya isa yau."

Daga ranar na daina ce masa gora.

Ina tsaye ƙasan tsani na ji muryar tsohuwar ta fito daga wayar, siririya amma da ƙarfi.

"Intoy!"

Wata biyar yana gidana, ranar na fara jin sunansa. Ya ja malfar mijina ya rufe fuska, hawaye na bin ta.

"Ɗan banza, ina ka shiga tun safe? Kana can kana iyo ko? Shinkafa ta nuna, na soya maka busasshen kifi. Shigo ka ci."

"Lola, kin tuna abin da kika ce mini a bakin jirgi?"

"Wane jirgi? Kai dai zo ka ci. Wai wa ya saka ka cikin gilashi ne? Fito mana!"

Muna jin ƙarar farcenta tana ƙwaƙular wayar, tana neman ta inda za ta buɗe masa.

Na kwana ina jin kaina gwana. Ashe gyaran gangar Auzinawa na yi. Ranar Alhamis Maricel ta aiko da saƙo: tun daga Litinin, kullum da rana Lola sai ta zuba kwano biyu, ta ja kujera bakin ƙofa ta zauna. Ba ta cin loma ɗaya, wai sai Intoy ya shigo. Da ta manta shi lafiya lau take cin abincinta. Yanzu ta tuna shi, amma ba ta tuna alkawarin ba. Wallahi na yi da-na-sani, ita kuwa ƙeya ce.

Sauran ranakun satin ya fita yadda ya saba, shida da rabi, karatu, gonakin taba, karnuka. Ban iya haɗa ido da shi ba. Na dafa musu miyar gauta da kabewa na aika, kwanon ya dawo rabi.

Da Litinin ta zagayo ina share tsakar gida, sai ga shi da singiletin a wanke a ninke, malfar a kai. Yana cikin farar riga, allon suna a ƙirji.

"Ga kayanki, Nana Sion. Na gode."

"Ba za ka hau tankin ba?"

"Gari za mu je."

"Ka san fa ba za ta gane ka ba."

"Na sani." Ya ɗaga haɓa yana ɗaure taye. "In yallaɓai ya ce mata ya haɗu da Intoy a hanya, ya ce ta ci kada ta jira shi, za ta ci. Lola ba ta musu da hukuma."

Ya ja tayen har maƙogwaro. Elda Rasmussen ya buɗe ƙofar gida, suka fita, ɗaya na bin ɗaya.