Butar Kawu Ma'azu da Aka Wanke

Ranar Talata, 15 ga Nuwamba, 1960, ana tsakiyar yankan shinkafa, Allah Ya karɓi ran Kawu Ma'azu na Kaoje bayan gajeriyar jinya. Na Allah muke, kuma inda ya tafi can muka nufa. Ina gona aka kawo mini labarin, sai na ji bakina yana tambayar mai saƙon ko an hura gawayi, don la'asar ta yi. Har yau ban san abin da ya sa na yi wannan tambaya ba.

Kawu, ni ne Lauwali ɗan ƙanwarka, wanda aka miƙa wa butar shayinka. Na zauna in yabe ka, amma tambayoyi suka cika mini kai.

Kai ka fara kawo ganyen shayi gidanmu daga kasuwannin Dahome, tun kafin kowace ƙasa ta ɗaga tutarta. Inna Sabuwa, matarka, ba ta taɓa ganinsa ba. Ta dafa shi kamar zogale, ta zubar da ruwan, ta kwaɗa ganyen da ƙuli-ƙuli ta kawo maka. Ka cinye tas, ka sa mata albarka. Washegari ka kira ta ka dafa a gabanta, kana yi kamar kai ma gwadawa kake, don kada ta ji kunya. Da bakinta ta ba mu labarin ranar da aka kai ka, tana dariya tana share hawaye.

Kullum bayan la'asar kana zaure. Ka ɗauraye ganyen da ruwan zafi, ka bar shi ya dahu a hankali, ka fasa sukari, ka ɗaga buta sama kana tsiyayawa har kumfa ta tashi. Zubin farko ɗaci, na biyu da dama-dama, na uku zaƙi, shi ne rabon mata da yara. Duk wanda ya shigo sai ya sha, ko masunci ne da jiƙaƙƙen wando. Abu ɗaya ka hana: a goge cikin butar nan. Ta yi baƙi ƙirin, ka ce shekaru ne suka kwanta a ciki, su ke ba shayin ɗanɗano.

Mutum biyu ne ba sa fashin zaurenka a wannan lokaci na shekara: Atiku, babban manomin shinkafar fadama, da Ardo Ango, shugaban makiyaya. Tun shekarar da shanu suka shiga gonar Atiku aka sari saniya, ko a kasuwa ba sa gaisawa. Amma a tabarmarka suke zama, kuma tsakanin zubi na biyu da na uku suke yanke ranar da shanu za su gangara fadama cin kara. Ban taɓa jin ka sa musu baki ba. To me kake yi musu, Kawu? Bana ka tafi ba a yanke ranar ba, shanu sun taru wajen Matsinkai, shinkafa rabi tana tsaye, samarin ɓangarorin biyu kuma kowa da sandarsa.

Sai ga abin da ya ƙara rikita ni. Kubura 'yarka ta iso daga Bahindi, ta ga butar, ta ji kunyar masu ta'aziyya su ce ba a kula da kai. Ta sa toka da yashi ta dirje ta ciki da waje, ta kawo mini tana walƙiya. Na buɗe baki in yi faɗa, na ga idanunta sun kumbura, na ce ta kyauta. Ban san ko ƙarya na yi mata ko gaskiya ba.

Bayan sadakar uku Atiku da Ardo suka zo, kowa ya zauna inda ya saba, ba wanda ya dubi wani. Na dafa yadda na ga kana yi. Da na cika finjali na ɗago, sai hannuna ya tsaya. Shekara da shekaru ina gefenka, ashe ban taɓa lura da wanda kake fara miƙa wa ba.

Atiku ya nuna Ardo da haɓa ya ce, “Miƙa ma baƙo, Lauwali.”

Ardo ya ɗago kai. “Wa ab baƙo nan zauren?”

Cikin ruɗewa na kai finjalin bakina na shanye, har ya ƙone mini harshe. Suka zuba mini ido, sai Atiku ya rufe baki da hannun riga yana ɓoye dariya. Na yi maza na cika biyu na ajiye a tsakiyar tabarma, kowa ya ɗauki nasa. Ardo ya kurɓa, ya ajiye finjalin ya dubi butar.

“Wa yaw wanke butar ga?”

“Kuskure anka yi, Baba.”

“Ƙarhe nika ji, ba shayi ba,” in ji Atiku.

“Gaskiyarka,” in ji Ardo. Ban taɓa jin ya ce masa haka ba. Ya juyo gare ni. “Sai an sake baƙanta ta, kuma ba aikin kwana guda ba na. Hura wuta gobe, muna tahe.”

Ba su yanke ranar ba tukuna. Shanu na nan inda suke, sandunan ma ba a ajiye ba.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata maka kabari, Ya shayar da kai fiye da yadda ka shayar da mu. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Sabuwa, da Kubura da ƙannenta, da mutanen Kaoje na gari da na ruga. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa bana a kwashe shinkafa ba a zubar da jinin kowa ba, amin.

La'asar ta yi, gawayi ya kama. Ga sallamarsu nan a ƙofa, Kawu, kuma har yanzu ban san wa zan fara miƙa wa ba.