Saniyar Bayan Kamiyon Baba

Shekarar da Baba ya sayi kamiyo, babbar motar katako, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, kowa a Zangon Paraku yana tafiya kamar shi aka damƙa wa ƙasar. Baba dillalin shanu ne, amma ya ce zamani ya juya, dole gidanmu ya sami ƙafafun roba. Motar ta zo da launin toka kamar tsohuwar tukunya. Na zagaya ta har jiri ya zaunar da ni.

A tasharmu ba mai duba lamba, da zane ake gane mota. Sai ka ji tsohuwa tana cewa, "Ni mai zaki nake jira," wani kuma yana tambaya ko mai jirgin sama ta tashi. Motar da ba ta da zane sai ta wuni tana shan rana.

Yayana kuwa da zane aka haife shi. Ya gama da bangon ɗakin Inna da gawayi, ni ma ya taɓa yi mini gashin baki ina barcin rana. Baba ya riga ya yanke cewa bayan salla zai bi masu kora shanu kudu da ƙafa, ya koyi sana'ar gida. To Yaya mutum ne da maraƙi ke kora har cikin zaure. Da ya yi ta roƙo, Baba ya nuna masa motar.

"Ga ta nan. In zanenka ya kawo mutane, ka riƙe fentinka. In bai kawo ba, sandar korar shanu tana bayan ƙofa."

Yaya ya ce gidan shanu saniya ta dace da shi. Amma tsoro ya hana shi zuwa kara, kasuwar shanu, ya ga ta gaske, sai ya ɗauko gwangwanin madarar da Inna ke zuba maɓallai, ya kwaikwayi ta jikinsa. Ya kewaye bayan motar da tabarmi, ya hana kowa leƙe.

Ranar da aka yaye tabarmin, abokan Baba dillalai duk sun zo. Ga saniya baƙi da fari, ƙaho kamar ɗan yatsana, baya a shimfiɗe kamar benci, ƙararrawa a wuya, har murmushi take yi. Ni wallahi ta burge ni. Su kuwa sai kallon juna suke yi.

"Alhaji," in ji wani, "wa ya yanke mata tozo?"

"Mahauta sun riga mu," in ji na kusa da shi.

"A'a, ku bar ta, baƙuwa ce. Ba ta ji labarin an ba mu mulkin kai ba, shi ya sa ba ta koma gida ba."

Baba bai yi dariya ba. Dillalin da ke gane bijimi mai ciwo tun daga ƙofar kara, yau ga motarsa za ta zaga ƙasa da saniya mara tozo. Ya ce wa Yaya ya shiga tafiyar farko zuwa Jugu ya ji da kunnensa. Ni ma aka sa ni ciki in kai wa Kaka saƙo.

Mun tashi da fasinjan da ba su cika benci biyu ba. Kowane ƙauye muka ratsa sai yara sun bi mu suna kiran "mara tozo". Wani Bafulatani ya tsai da mu zai shiga, ya zagaya baya ya duba, ya daɗe yana kaɗa kai, ya ce mu je, ƙafarsa lafiya lau. Yaya ya nutse cikin buhunan gishiri har hularsa kawai nake gani.

Kaka, mahaifiyar Inna, sassaƙar ƙwarya take yi a Jugu. Ɗanta, Kawunmu, aikin manyan riguna yake a zauren gidan. Kafin mu sauke kaya labari ya riga mu shiga. Kaka ta dogara sandarta ta je ta gani da idonta, ta dawo tana share hawayen dariya.

"Angona, zo nan," ta ce wa Yaya. Ta miƙa masa ɗanyar ƙwarya. "Kafin in sa mata wuƙa sai na juya ta a hannu na ji inda ta karkace. Kai ka taɓa shafa bayan sa?"

"Sa dai ya taɓa shafa nasa bayan, Kaka," na ce, "da ƙaho."

"Ke rufe mana baki, rediyon Paraku."

Kawu ya ɗauki wata riga ya tafi can ƙarshen tsakar gida ya baza ta.

"Me ka gani?"

"Aska da tambari," in ji Yaya.

"Ka ga sawun allura?"

"A'a."

"To don na nesa nake yi. Taka ma gudu take. Wa zai tsaya kallon ƙararrawa? Ka ba mutum abu ɗaya babba da zai gane kafin ƙura ta rufe shi."

Allah ya taimaka direbanmu ya ce sai ya jira doya daga ƙauyuka. Washegari Yaya ya tafi kara da gawayi da ɓallen kwali. Da na kai masa abinci, a kan katanga na same shi, ƙafafu a naɗe, kamar ƙasa ta kama da wuta. A gabansa wani farin sa ne, tozonsa ya kai tulun Inna, ƙahonsa kuwa sai a shanya wankin gida guda. Mai shi ya gaji da kallon Yaya, ya kamo hannunsa ya ɗora a kan tozon. Yaya ya karanto duk addu'ar da ya sani, har ta shiga kasuwa. San ya juyo ya lashe masa kunne. Bayan nan sai da na ja rigarsa kafin ya yarda ya ci tuwon.

Ya shafe baƙuwar da farin fenti, ya fara sabo a fili, kowa na kallo yana ba da shawara. Ƙahonin suka ƙi shiga bayan motar, sai ya bar su suka zagayo ta gefe har kusa da ƙofar direba. Ya kewaye katakon da zanen bakin ƙwaryar Kaka, ya sa tambarin Kawu a kowace ƙofa. Kaka ta ce ɓarawo ne, amma ita ta gyara masa wurare biyu da suka karkace.

Ranar komawa sai da muka bar mutane a tasha. Ni a kan doya na zauna, akuyar wata mata tana cin gefen zanena, ban ko damu ba. Yaran da suka yi mana waƙa suka fito za su ƙara, bakinsu ya tsaya a buɗe.

A Paraku Baba yana tasha da abokansa. Ya zagaya motar a hankali, hannu a baya, yadda yake zagaya san da yake so amma ba ya son mai shi ya gane. Ya kai hannu ya shafa tozon fentin.

"Cinyar baya ta ɗan rame," ya ce.

Yaya ya matso ya duba cinyar.

"Gobe ka ƙara mata nama. In ka gama, ƙofar shagon baffanka ma tana son fenti."

Da muka isa gida na riga kowa zuwa bayan ƙofa. Na ɗauki sandar nan na kai wa Inna, na ce ta yi tokaren igiyar shanya da ita.