Wiebe Mai Ƙirga Kwanaki

Wiebe Terpstra ɗan masu kiwon shanun madara ne a wani ƙauye kusa da Leeuwarden, amma kwamfuta ya karanta. Yana saurayi ya rubuta wata 'yar manhaja don mahaifinsa ya riƙa sanin saura kwana nawa saniya ta haihu. Ka ba ta ranaku biyu, ta faɗa maka kwanakin da ke tsakaninsu. Ya sa ta a intanet kyauta.

Kafin ya ankara, asibitoci da kamfanonin jiragen ruwa sun cusa ta cikin ayyukansu, sai saƙonni suka fara zuba. Wannan ya ce a haɗa da ranar farko, wancan ya ce a cire ta. Wani kukansa shekarar da Fabrairu ke ƙara kwana, wani kuma ranar da ake matsar da agogo gaba a ƙasashen Turai har yini ya rasa awa guda. Da ya dawo daga aiki sai ya hau gyara, dankalinsa na hucewa a faranti.

Matarsa Sjoukje takan leƙo ta ce, "Kai Wiebe, waɗannan iyayen gidan naka ko sunanka sun iya faɗa?"

"Aikin wani ne zai tsaya, Sjoukje."

"Oho. Mu namu ya daɗe da tsayawa."

Haka furfura ta same shi. Ana nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Sjoukje. Wiebe ya ajiye komai, ya koyi juya ta, da ba ta miya a cokali.

Bayan watanni ya buɗe kwamfutar. Wani ya rubuta, "Mutumin nan mutuwa ya yi?" Wani ya ce, "Rago ne, in ya gaji ya ba wasu wuri." Ashe har wani kamfani a Amsterdam ya kwafe manhajar, ya canza mata suna, ana ta yaba musu. Ba su karya doka ba, shi da hannunsa ya rubuta cewa kowa ya ɗauka.

Ya daure ya yi musu bayanin rashin lafiyar matarsa. Amsa ɗaya ta zo: "Nan ba wurin zancen gida ba ne." Aka rufe batun.

Yanzu rabin yini yake aiki, da yamma ya tura Sjoukje a keken marasa lafiya ta bakin ruwa. Waɗanda ba su koma sabuwar manhajar ba har yau suna aiko ƙorafi. Yakan rantse ya daina dubawa, amma in ta yi barcin rana sai ya lallaɓa ya amsa musu.