Na gaishe ta har awaki

Ina cikin tambayar wata mata lafiyar awakinta, sai ta ɗaga mini hannu.

A asibitin Damri ne, ranar awon ciki, inda nake taimaka wa malaman jinya. An koya mana mu tambayi kowace mai ciki, ita kaɗai, ko ana dukanta a gida. To, ga wata da kumburarren ido, yayar mijinta kuma ta zauna daram kusa da ita.

Ni ban iya ƙarya ba, ban iya korar babba ba. Sai na kama gaishe da yayar: gida, yara, gona, ruwa, har awaki.

Nan ne ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, saura kaji. In hita kike so in yi, ki ce in hita. Mijin nata ƙanena na, amma don ki tambaye ta na kawo ta."

Ta fita. Na yi wa mai cikin tambayar, baiwar Allah ta ba ni amsa, na kai ta wurin babbar malamar jinya.

Ashe kunyata ce ta tsare ƙofa, ba yayar miji ba. 'Yan'uwa, ku yaya kuke fara irin wannan tambaya?