Kwalba Ta Tara

Shekara goma sha ɗaya na yi ina karɓar kwalabe daga hannun Baba Mai Kwalba a ɗakin gwajin ruwa, amma in aka tara maganar da muka yi da shi ba za ta cika shafi biyu ba. Ya shigo da akwatinsa, ya yi sallama, ya jera kwalabe goma sha biyu bisa lamba, ya koma bencin bakin ƙofa. Ni kuwa bakina ba ya hutawa. Na taɓa ce masa, "Baba, ko aro ka yi bakin nan, kana gudun ya ƙare?" Murmushi kawai ya yi.

Aikinsa zagaya gari a keke yana ɗebo mana ruwan famfo. Matarsa ta rasu tun kafin a ɗauke ni aiki, 'ya'yansa biyu suna nesa, sai waya jefi-jefi. Ɗaki guda yake zaune, daga shi sai rediyo.

Ruwan garinmu a lokacin mai nauyi ne. Sabulu ba ya kumfa, gindin butar shayi ya yi farin ɓawo, kan famfo ya toshe. Ni nake auna nauyin: in ɗiga magani a ruwan ina ƙirgawa har ya juya daga ja zuwa shuɗi. Ɗigo talatin yake ci.

Ƙa'idar aikin Baba ita ce ba a cika kwalba sai an bar famfo ya zuba minti biyar, don ruwan da ya jima a bututu ya fita. A wurare goma sha ɗaya a tsaye yake cinye minti biyar ɗin, an nuna masa famfo an koma harkar gaba. Lamba tara kuwa shagon wani tsoho ne mai wanki da guga, wanda ya dami ofis da ƙorafi har aka sa famfonsa a jerin, duk ranar Talata.

Sai aka kafa sabon injin tace ruwa. Ɗigo ya sauko daga talatin zuwa takwas, gari ya huta. Manaja ya ce duk famfon da ya yi mako uku lafiya a cire shi daga jerin, a sa na sabbin unguwanni. Kwalabe suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, amma ta tara ta kafe a talatin. Da aka kai mako na biyar, manaja ya ce ran Litinin a haƙe layin shagon gaba ɗaya a nemo inda bututu ya ɓaci.

Abin ya tsaya mini a rai. Na ɗauki kwalba ta tara na jefa mata ƙwayar da ke nuna maganin kashe ƙwayoyin cuta da muke zuba wa ruwa. Ruwanmu yakan yi ja-ja nan take. Wannan ko gezau. Ruwan rijiya ne, bai taɓa ganin bututunmu ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na leƙa na kira Baba, na rufe ƙofa.

"Baba, a ina ka ɗebo wannan?"

Ya dubi kwalbar, ya dubi ƙasa. "Rijiyar gidan da nake."

"Haba Baba! Kai da ko murfi ba ka taɓa musanyawa ba? Za a fasa titi, a yanke wa mutane ruwa kwana uku, saboda kwalbarka!"

"Ban san za a haƙa ba, 'yata." Ya sake duban kwalbar. "Mai wankin nan kaɗai ke ba ni kujera. Kafin in iso ya goge ta. Mu buɗe famfo, ya yi ta zagin ruwanmu, ni ina dariya. Wani lokacin minti biyar ɗin ya zama ashirin. In aka cire famfonsa daga jerin, shi ke nan."

"Ya san abin da kake yi?"

"Bai sani ba. Shi ma cewa yake ruwan bai gyaru ba, alhali ina ganin kumfa ta cika masa baho."

Faɗan da na shirya duk ya tsere mini. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji kunyar shekara goma sha ɗaya yana zaune a bakin ƙofata ban taɓa ce masa ya shigo ya zauna ba.

Amma titi ba zai fashe a banza ba. Na tura shi ya ɗebo na gaskiya, ya ci ɗigo takwas. Na gaya wa manaja kuskure aka samu wajen ɗiba, ya soke haƙan, ya kuma ce tunda unguwar duk ta gyaru a cire lamba tara nan take. Da hannuna na ja layi a kanta.

Talatar da ta biyo baya, ƙarfe goma da rabi Baba ya dawo, ya zauna a benci da akwati a kan cinya.

"Baba, shagon fa bai tashi ba," na ce. "Ka je mana. Ba sai da kwalba ba."

"Na je," ya ce. "Na kai har bakin layin."

"To?"

"Na hango ya fito da kujerar." Ya shafa murfin akwatin. "In na shiga ya ce me ya kawo ni, in ce me?"