Yatsan Daado

Shekara goma sha ɗaya ke nan Daado tana zaga ƙauyukan Nikki a kan babur, da sikelin awon jarirai ɗaure a baya. Ƙungiyar da ke riƙe da gidan renon yara a gari ce ta ɗauke ta, don tana jin Barbanci, yaren mutanen ƙauyukan, kuma ba ta da surutu. Mata sun san ta da awo. Amma ainihin aikinta a yatsa yake: tana yi wa jariri wasa, sai ta zura masa a baki ta shafa dasashi. A ƙauyukan nan, yaron da haƙorin sama ya riga na ƙasa fito masa, maye ake ce da shi, kuma bai cika kaiwa yaye ba.

Wata Talata, a gindin kaɗanya, Gannigi, yarinya mai haihuwar fari, ta miƙo ɗanta Woru tana kallon ƙasa. Daado ta shafa. A sama, ga abu nan fari yana tsira. A ƙasa kuwa, dasashin ya kumbura yana fid da ruwa.

"Me kika yi masa?" ta tambaya a hankali.

"Da tsakuwa nake gogawa, Yaya. An ce na ƙasan zai yi saurin fitowa."

"Ke kam! Ai kukansa ne zai tona ki."

Ya riga ya tona. Uwar mijin Gannigi ta taso daga kan turmi tana jan ƙafa.

"Daado sarkin yawo, me kike lalube a bakin jikana? Goro kika ajiye?"

"Gyambo ne, Inna. Sai an kwantar da shi a gari, shi da uwarsa."

"Har yaushe?"

"Wata biyu, ko uku."

Daado ta yi lissafin kafin nan na ƙasa sun fito, ba mai iya cewa wanne ya riga. Sau da yawa dabarar ta yi mata aiki.

Tsohuwar ta karɓi yaron. Ba ta buɗe masa baki ba, ta dai daɗe tana kallonsa.

"Ni ma na haifi bakwai, 'yar nan. Shida kika sani." Ta mayar da shi hannun Daado. "Tafi da shi. Uwar tana nan, akwai doya a gona. Mazan gidan nan ba yara ba ne, kar ki dawo da shi."

Gannigi ta miƙe. Ta kwance zanen goyonta, ta ɗaura wa Daado yaron da kanta, ta ja kullin sosai. Gaban rigarta duk ya jiƙe da nono.

Daado ta tayar da babur. Har ta fita hanyar Nikki tana tunanin wace uwa a gidan renon za ta roƙa ta shayar da shi yau.